Taswira a Bayan Kwali

Sakamako ya iso ta rediyon Haladu,
ƙaramar hukuma na bin ƙaramar hukuma,
mai sanarwa na tuntuɓe da sunayen garuruwanmu.
Ni malamin labarin ƙasa ne, hannuna ba ya zama.
Na farke kwalin taliya a barandar makaranta,
na zana Jigawa da ka,
ashirin da bakwai, kowace da iyakarta,
sannan na tsattsaga tamu mazaɓa-mazaɓa
kamar mai rabon gado.

Kala uku yara suka bar mini a gwangwani:
kore, ja, da guntun shuɗi da ɓera ya ɗanɗana.
Ƙa'idar ba wuya: wanda ya yi rinjaye, wurin nasa ne.

Yamma ta tafi salin-alin.
Garuruwan da ban taɓa kwana cikinsu ba
ba su yi mini gardama ba.
Kore, kore, ja, kore.
Sai da na iso Tudun Kargo hannuna ya cije.

Ɗari biyu da sha ɗaya, in ji takardar da aka liƙa a bangon aji uku.
Ɗari da casa'in da takwas.
Sha uku ne tsakani.
Ko sahun Asuba ranar ruwan sama ya fi haka.
Amma wai in shafe garin duka da kore,
har rijiya, har maƙabarta,
har ɗakin Iya Tasalla
wadda ta dogara sanda tun hantsi, ta dangwala wa ja,
ta dawo tana nuna wa jikoki tawadar yatsanta
kamar sabon lalle.

Ina zan sa Mato mai kwale-kwale?
Shi ya haye da akwatin, sau biyu,
ya rufe shi da rigarsa kada ya jiƙe,
shi kuwa katinsa ambaliyar bara ta tafi da shi.
Ina zan sa rugar Arɗo Ja'e,
da shanunsu ke kwana a wannan mazaɓa
su karya kumallo a waccan?
Cikin tara da aka ce sun lalace
na san guda: ta kawuna ce.
Wannan ya ba shi taki, wancan ya ba shi turmi,
ya ce shi ba ya cin amana, ya dangwala wa duka biyu.

Layin da na ja da fensir ma
ta tsakiyar fadamarmu ya bi.
Shinkafar ba ta sani ba.

Ladiyo 'yar aji huɗu ta zo ɗaukar tsintsiya,
ta durƙusa, ta daɗe tana dubawa.
Malam, ina gidanmu?
Na nuna mata. Ta ce ai nan ba komai.

Sai na juya kwalin inda babu rubutu,
na zana Tudun Kargo shi kaɗai, ƙato,
na fara ɗigo. Mutum ɗaya, ɗigo ɗaya.
Ita tana ƙirgawa, ni ina tuna fuskoki.
Miji kore, mata ja, a zaure ɗaya.
Liman ban sani ba, na ba shi shuɗi, Allah ya yafe mini.
Waɗanda suna kan rajista amma suna ci-rani a kudu,
da waɗanda suka ce wace riba,
da matattun da ba a goge ba,
na bar musu kwali yadda yake.

Magariba ta same mu.
Daga nesa abin ya zama jikin zabuwa,
ba kore ba, ba ja ba,
kuma wurin da ba a taɓa ba ya fi kowa faɗi.

Haladu ya leƙo, rediyo a kafaɗa:
To, malam, wa ya ci?
Na buɗe baki ke nan
sai ga akuyar hedimasta ta kama kusurwar kwalin.
Kafin Ladiyo ta kai mata tsintsiya
ta tauna daga Maigatari har kusa da Gumel.